Tashar Agege: Yadda jirgin birni ya iso unguwar da goro da layin dogo suka raya

Tun ranar 15 ga Oktoba, 2024, lokacin da jirgin ƙasa na cikin birnin Legas da ake kira Jan Layi ya fara ɗaukar fasinjoji, Agege ta shiga sahun wurare takwas da jirgin ke tsayawa tsakanin Agbado da Oyingbo. Ba ita ce tashar da ta fi fitowa a hotuna ba. A babbar tashar Ikeja ne Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ƙaddamar da layin ranar 29 ga Fabrairu, 2024, kuma can hankalin manema labarai ya fi karkata.

Sai dai a tashoshin unguwanni irin ta Agege ake gane ko kuɗin da aka zuba a aikin ya biya buƙata. A nan ne ma'aikaci da ɗan kasuwa da ɗalibi ke yanke shawara kowace safiya: ko su nufi tasha, ko su tsaya bakin titi su jira danfo kamar yadda suka saba. Abubuwan da ke sa mutum ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba su da yawa. Akwai yawan zuwan jirgin, da nisan gida da tasha, da kuɗin da zai fita daga aljihu. Labarin tashar Agege ya taɓo kowannensu, ya kuma taɓo tarihin wata tsohuwar alaƙa tsakanin Ikko da Arewa.

Inda tashar take a kan layi

Kashin farko na Jan Layi yana da tsawon kilomita 27. Idan jirgi ya taso daga Agbado, wadda ke kan iyakar jihohin Legas da Ogun, yakan tsaya a Iju, sannan Agege, sai Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, ya tuƙe a Oyingbo. Ke nan Agege ce tasha ta uku ga mai gangarowa cikin gari da safe, ta shida kuma ga mai komawa gida daga Oyingbo da yamma. Tafiya daga wannan ƙarshe zuwa wancan kan ɗauki kusan awa ɗaya, alhali a mota, lokacin cunkoso, tana iya cinye awa biyu ko fiye.

Hukumar kula da sufuri ta birnin Legas, LAMATA, ita ce ke da alhakin layin. An kafa ta ne a 2002, lokacin da Tinubu yake gwamnan jihar, kuma ita ce ta fito da motocin bas na BRT masu hanyarsu ta daban a 2008, sannan ta buɗe Shuɗin Layi daga Marina zuwa Mile 2 a watan Satumban 2023.

Yankin da tashar Agege ke yi wa aiki na cikin mafiya cikowa a jihar. Ƙidayar 2006 ta nuna Ƙaramar Hukumar Agege na da mutum kimanin 460,000 a fili ɗan ƙarami, kuma gwamnatin jihar ta yi ta cewa tun lokacin adadin ya fi haka nesa. Tana maƙwabtaka da Ifako-Ijaiye, da Ikeja, da kuma Alimosho, wadda ta fi kowace ƙaramar hukuma a jihar yawan jama'a, da mutum fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a waccan ƙidaya. Galibin mazauna waɗannan wurare a wani gefe suke kwana, a wani gefe suke neman abinci. Da asuba sukan kwarara kudu zuwa Ikeja da Oshodi da Yaba da tsibirin Legas, da yamma su juyo arewa. Wannan kai da kawowa ce ke toshe babbar hanyar Legas zuwa Abeokuta da titin Agege, kuma ita ce aka gina layin domin ragewa.

Garin da dogo ya raya

Jirgin ƙasa ba baƙo ba ne a Agege. A 1896 Turawan mulkin mallaka suka fara shimfiɗa layin dogo daga Legas zuwa cikin ƙasa, aka buɗe shi har Ibadan a 1901, kuma ta Agege ya ratsa. A wancan zamani wurin ƙauye ne na Yarbawan Awori, kewaye da gonaki da kurmi. Zuwan tasha ya jawo manoma masu jari daga Legas, irin su Jacob Kehinde Coker, waɗanda suka kafa manyan gonakin koko da goro a Agege da Ifako, har suka haɗa ƙungiyar manoman Agege a 1907.

Goron nan ne ya ɗaure Agege da ƙasar Hausa. Kafin zuwan dogo, fatake kan shafe watanni a hanyar Gwanja, cikin ƙasar Gana ta yau, su sayo goro a kasuwar Salaga su ɗoro wa jakuna zuwa Kano da Sakkwato da Katsina. Daga baya wasu 'yan kasuwa, ciki har da Alhassan Ɗantata, suka koma ɗauko goron ta jirgin ruwa daga gaɓar tekun Gana zuwa Legas. Da dogo ya isa Kano a 1911, aka kuma haɗe layin Legas da na Arewa a 1912, sai tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Goro kuwa kaya ne da ba ya son jinkiri: in ya bushe ko ƙwaro ya shige shi, huhu guda na iya zama asara.

Irin goron da Hausawa suka fi so, wanda Yarbawa ke kira gbanja har yau saboda tunawa da Gwanja, shi manoman Agege da kewaye suka duƙufa shukawa. Da ya fara 'ya'ya, sai dillalai da masu ɗaurin huhu da 'yan dako suka sauka kusa da tasha, aka kafa zango. Shanu ma suka biyo hanyar, daga Arewa zuwa Kudu, abin da ya sa har gobe babbar mayankar Legas da kasuwar shanunta suna Oko-Oba, a yankin Agege. Zuriyar waɗancan baƙi yanzu 'yan gari ne, da sarautarsu ta Sarkin Hausawan Agege, da masallatai da makarantunsu. A unguwar ce kuma Markaz take, cibiyar koyar da Larabci da addinin Musulunci da Sheikh Adam Abdullahi al-Ilori ya kafa a Abeokuta a 1952 kafin ya mayar da ita Agege, wadda ɗalibanta suka bazu a faɗin Afirka ta Yamma.

Abin lura shi ne, tsohuwar tashar domin kaya da matafiya masu dogon zango aka gina ta. Da gari ya faɗaɗa ya haɗiye Agege, Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ta riƙa tafiyar da jirgin 'yan aiki a kan tsohon siririn layin, daga Iddo zuwa Ijoko a Jihar Ogun. Jirgin yana da araha, amma taragunsa ba sa isar jama'a. Hotunan matasa zaune a kan rufinsa, wasu kuma sun maƙale a ƙofofi, sun daɗe suna yawo a jaridu. Sun nuna haɗari, sun kuma nuna cewa buƙatar jirgin birni a wannan hanya ta daɗe da nuna.

Alkawarin da ya shekara arba'in

Tun a jamhuriya ta biyu aka yi wa Agege alkawarin jirgin zamani. A 1983 Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin birni da aka tsara zai tashi daga Marina ya bi ta Yaba har ya kai Agege. Juyin mulkin ƙarshen wannan shekara ya kawar da gwamnatin farar hula, kuma a 1985 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta soke kwangilar, jihar ta yi asarar maƙudan kuɗi. A daidai wannan tsakani ne birnin Alƙahira na ƙasar Masar ya ci gaba da nasa aikin, ya buɗe layinsa na farko a 1987, wanda ya zama na farko a nahiyar Afirka.

Abin da ya sake buɗe ƙofa shi ne sabon layin dogo mai faɗi daga Legas zuwa Ibadan. An fara aikinsa a watan Maris na 2017, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina shi da rancen da aka karɓo daga can, kuma Buhari, a matsayinsa na zaɓaɓɓen shugaban ƙasa, ya buɗe shi ranar 10 ga Yuni, 2021. Tsawonsa kilomita 157 ne, kuma hannu biyu ne, na zuwa da na dawowa. Faɗin tsohon layi milimita 1,067 ne, na sabon kuwa 1,435, wanda shi ne ma'aunin da akasarin ƙasashen duniya ke amfani da shi. A 2020 gwamnatin tarayya ta raɗa wa tashoshin sabon layin sunayen fitattun mutane: ta Agege ta samu sunan tsohon gwamna Babatunde Raji Fashola, ta Agbado kuma aka sa mata sunan Jakande.

Gwamnatin Legas ta ga cewa maimakon ta nemi sabon fili a cikin gari mai cunkoso, ta rushe dubban gidaje, ta biya diyya, gara ta ɗora jirginta a kan wannan layi na tarayya. Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya aza harsashin aikin a watan Afrilun 2021. Cikin ƙasa da shekara uku aka ƙaddamar da shi, alhali kashin farko na Shuɗin Layi, mai kilomita 13 kacal, wanda aka gina masa hanyarsa daga tushe, ya haura shekara goma kafin ya kammala. Wannan dabara ta rage kuɗi da lokaci, amma tana da nata farashin, kuma fasinjan Agege ne ke biyan sa da jira.

Layi ɗaya, masu gida biyu

A manyan biranen duniya, abin da ya bambanta jirgin birni da sauran jirage shi ne yana da hanyarsa shi kaɗai, yana aiki da lantarki, kuma yana zuwa bayan kowane 'yan mintoci. Fasinja ba ya buƙatar sanin jadawali. Ya san in ya sauka tasha, kafin ya gama gyara tsayuwa wani jirgin ya iso. Shuɗin Layi ya fi kusa da wannan siffa, domin hanyarsa a killace take kuma da lantarki yake tafiya.

Jan Layi kuwa da man dizal yake aiki, kuma aron hanya yake yi. Jirgin fasinja na Ibadan, wanda shi ma yake tsayawa a Agege, ta nan yake bi. Jiragen dakon kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Apapa ma ta nan suke fita. Kowanne sai an ware masa lokacinsa, an bar tazara tsakaninsa da na gabansa domin kauce wa karo, kuma jirgin kaya mai nauyi ba ya tashi ko tsayawa da sauri kamar na fasinja. Saboda haka duk ƙarin sawu da LAMATA ke son yi sai ta daidaita da hukumar tarayya mai layin.

Wannan na cikin dalilan da suka sa aka fara da sawu kaɗan, da safe da kuma yamma, kafin a ƙara yawansu a farkon 2025. Ga mazaunin Agege, bambancin a bayyane yake. Idan jirgi na zuwa duk minti goma, wanda ya makara ya yi asarar minti goma ne kawai. Idan kuwa tsakanin jirgi da jirgi awa guda ce, kuskuren minti biyu na iya jawo masa sa hannu a makare a wurin aiki, ko ya tarar an gama rabon kaya a kasuwa. Wanda hakan ta faru da shi sau biyu ko uku, danfo zai koma, domin ko da cunkoso ya san motar tana nan a kowane lokaci. Haka kuma mai aikin dare, da mahaucin da ke fita kafin assalatu, da macen da za ta kai yaro asibiti da tsakar rana, jadawalin safe da yamma bai cika yi musu amfani ba.

Gwamnatin jihar ta ce idan layin ya kankama zai riƙa ɗaukar mutum 500,000 a rana. Lissafi mai sauƙi na nuna girman aikin da ke gaba. Ko da a ce kowane sawu na ɗaukar mutum 1,500, sai an yi sawu fiye da 300 a rana kafin a kai wannan adadi. Gaskiya ne wasu kan sauka a hanya wasu su maye gurbinsu, wanda ke ƙara yawan waɗanda sawu ɗaya ke yi wa aiki, amma duk da haka tazarar da ke tsakanin buri da abin da ake gani tana da faɗi. Cike ta na buƙatar ƙarin jirage, da na'urorin ba da hannu na zamani da za su bari jirage su riƙa bin juna kurkusa, da kuma fahimtar juna mai ɗorewa tsakanin jiha da tarayya. Gyaran tsarin mulki da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, wanda ya ba jihohi ikon gina layin dogo da tafiyar da shi, ya sauƙaƙa ɓangaren doka, amma bai ƙara hannu na uku a kan layin ba.

Tsakanin ƙofar gida da ƙofar tasha

Masu tsara birane kan ɗauka cewa mutum zai yarda ya taka kimanin mita 800, wato tafiyar minti goma, domin ya hau jirgi. In nisan ya wuce haka, sai ya nemi abin hawa ko ya haƙura. Shi ya sa a birane irin su Paris tashoshi ke kusa da juna ƙwarai, matsakaiciyar tazararsu ba ta kai mita 600 ba. A Jan Layi kuwa, tashoshi takwas a kilomita 27 na nufin kusan kilomita huɗu tsakanin kowace tasha da ta gaba. Wannan na sa jirgin ya yi sauri, amma yana nufin mafi yawan waɗanda ake sa ran su hau ba za su iso da ƙafa ba.

Mazaunin Dopemu, ko Orile Agege, ko Oko-Oba, ko wanda ya fito daga ɓangaren Ipaja, sai ya fara hawan keke mai ƙafa uku ko ƙaramar bas ko babur kafin ya ga tasha. In ya sauka a Oshodi ko Yaba, wataƙila ya sake hawa wata motar. Tafiya ɗaya ta zama hawa uku, kowanne da kuɗinsa da jiransa. Idan wurin sauke fasinja a bakin tasha ya cushe, ko babu inuwar fakewa lokacin damina, ko hanyar ƙafa ta cika da kwatami da kayan 'yan tebur, minti ashirin ɗin da jirgi ya rage wa mutum a nan zai ƙare.

Batun babur ya ƙara wa lamarin sarƙaƙiya. A 2022 gwamnatin jihar ta haramta acaɓa a ƙananan hukumomi goma, ciki har da Ikeja, Oshodi-Isolo, Mushin da Lagos Mainland, inda sauran tashoshin kudu na layin suke. Agege ba ta cikin goman, ko da yake dokar hana babura hawa manyan hanyoyi ta shafe ta. Ke nan fasinja na iya zuwa tasha a kan babur a wannan ƙarshe, ya sauka a wancan ƙarshe ya tarar babu. Jihar ta fito da ƙananan motocin bas na shiga lunguna a 2021 domin cike wannan giɓi, kuma yadda za a haɗa zirga-zirgarsu da lokutan isowar jirgi na cikin abubuwan da za su ƙaddara yawan fasinjan tashar. Dubban matasa, da yawansu 'yan Arewa, da wannan ɗan guntun zango tsakanin gida da tasha suke ci da iyalansu, don haka duk tsarin da za a yi ya shafi abincinsu kai tsaye.

Abin da ke fita daga aljihu

Ba a biyan kuɗin Jan Layi da tsaba. Da katin Cowry ake shiga, wanda ake loda wa kuɗi a kuma yi amfani da shi a motocin BRT da Shuɗin Layi da jiragen ruwa na jihar. Amfaninsa shi ne babu rigimar canji da kwandasta, kuma kuɗin ba ya tashi don an yi ruwan sama ko an ga fasinja sun taru, kamar yadda masu danfo kan yi. Wahalarsa kuma ita ce sai mutum ya ajiye kuɗi a kati tun kafin tafiya, abin da ba kowane mai samun na yau da na yau ke iyawa ba.

Da aka fara, kuɗin tafiya daga Agbado zuwa Oyingbo naira 1,500 ne, daga baya a farkon 2025 gwamnati ta rage shi zuwa 1,000. Mai hawa daga Agege ba ya biyan na cikakken zango, tun da kuɗin na bin nisa ne, amma lissafin dogon zangon na nuna nauyin da ke kan ma'aikaci. Zuwa da dawowa a kan naira 1,000, na kwana 22 a wata, ya kama naira 44,000. Mafi ƙarancin albashi da Jihar Legas ta sanar a ƙarshen 2024 naira 85,000 ne. Fiye da rabi ke nan, ba a sa kuɗin keke zuwa tasha ba.

Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya tsauwala kuɗin mota a ko'ina, wanda ya sa jirgin ya zama abin dubawa ga mutane da yawa. Amma a duniya, jiragen birni kaɗan ne ke iya riƙe kansu da kuɗin tikiti kawai. Galibi gwamnati ce ke cike giɓi, bisa hujjar cewa raguwar cunkoso da hayaƙi da asarar lokaci riba ce ga kowa, har da wanda bai taɓa hawa ba. Tambayar da ke gaban Legas ita ce nawa za ta iya ɗauka, kuma har yaushe.

Gada, shinge da kasuwar bakin dogo

Jirgi mai yawan zuwa ba ya jituwa da titin da ya ratsa layi a ƙasa. Kowane wucewa na nufin rufe hanya, kuma kowane direban da ya yi gaggawa na iya jawo asarar rayuka. Ranar 9 ga Maris, 2023, jirgin ƙasa ya yi karo da wata motar bas ta ma'aikatan jihar a mahaɗar PWD da ke Ikeja, aƙalla mutum shida suka rasu, da dama suka jikkata. Domin kauce wa irin wannan ne aka gina gadojin sama a Oyingbo, Yaba, Mushin da Ikeja a cikin aikin Jan Layi. Agege ta riga su samun tata: gadar Pen Cinema, mai tsawon kilomita 1.4, wadda aka buɗe a watan Maris na 2021, ta ɗauke motoci ta saman dogo a wurin da a da yake cikin mafiya munin cunkoso a arewacin birnin.

Gada ta magance matsalar motoci, ta masu ƙafa kuwa tana nan. Layin dogo ya raba Agege biyu, kuma shekara da shekaru mutane na tsallaka shi duk inda suka ga dama: zuwa masallaci, zuwa makaranta, zuwa kasuwa. Ƙari a kan haka, bakin dogon kansa ya daɗe da zama kasuwa. Masu gwanjo da kayan miya da takalma kan baza haja har kan ƙarfen, in sun ji ƙahon jirgi su janye, in ya wuce su mayar. Tsohon jirgi mai tafiyar hawainiya da ke zuwa jefi-jefi ya ba da damar hakan. Sabon ba zai bayar ba.

Hukumomi sun sha korar masu kasa kaya a kan layin, kuma hujjarsu ta tsaron rai ba ta da ja. Sai dai kora kaɗai ba ta cika ɗorewa ba, domin abin da ya kawo ɗan kasuwa wurin shi ne taron jama'a, tasha kuwa ƙara taron take yi. Biranen da suka ci nasara a wannan fanni sun haɗa shinge da gadojin ƙafa a wuraren da mutane suka saba tsallakawa, masu sauƙin hawa ga tsofaffi da masu kaya a ka, sannan suka ware rumfuna masu araha a harabar tasha. In aka yi haka, mai sayar da burodin Agege da mai shayi da mai goro sun zama ɓangare na tashar. In ba a yi ba, darajar filaye da kuɗin haya a kewayen tasha za su tashi, waɗanda suka raya wurin tun farko kuma su ne za a fara turawa baya.

Abin da sauran birane za su duba

Darasin bai tsaya a Legas ba. An buɗe jirgin birnin Abuja a watan Yulin 2018, amma da yawa daga tashoshinsa sun kasance nesa da unguwannin jama'a, wasu ko hanyar mota mai kyau ba su da ita. Fasinja suka yi ƙaranci, aka dakatar da shi a 2020 lokacin annobar korona, kuma sai da aka gina hanyoyin shiga tashoshin kafin a sake buɗe shi a watan Mayun 2024. Matsalar Agege akasin wannan ce: jama'a na nan a bakin ƙofa, jirgin ne bai kai yawan da suke buƙata ba. Yanzu da ake batun jiragen cikin gari a Kano da Kaduna, misalan biyu sun isa masu tsarawa su fara da tambayar inda mutane suke kwana da inda suke wuni, kafin su zana layi a taswira.

A Legas, shirin da ke ƙasa shi ne a miƙa Jan Layi daga Oyingbo ya haɗu da Shuɗin Layi, ta yadda mai tasowa daga Agege zai iya isa Marina a tsibiri ba tare da ya shiga mota ba, kamar yadda aka tsara tun zamanin Jakande. Kafin wannan rana, mazauna unguwar na da ma'aunai masu sauƙi da za su riƙa duba ci gaban tasharsu: sawu nawa ake yi a rana, ko akwai jirgi da tsakar rana da bayan isha'i, minti nawa ake ɗauka daga gida zuwa dandamalin jira, da kuma nawa ya rage a albashi bayan an cire kuɗin zuwa aiki.